Rautar cikin gida ta ƙi kawo intanet, amarya na zargin uwargida

Assalamu alaikum Malam. Ni uwargida ce a unguwar Pantami, cikin garin Gombe. Maigidanmu yana da akwatin intanet mai ɗaukar sim a falonsa na waje, ya sa aka ja kebul daga can zuwa cikin gida, aka jona wata rauta, na'urar da ke raba waifai, a falona don ni da amarya da yara mu riƙa samu. Mun daɗe muna amfani da ita lafiya lau. A farkon daminar nan aka yi wata tsawa da dare, akwatin falonsa ya ƙone, ya sayo sabo, ba irin na da ba. Tun ranar shi yana samun intanet a wajensa, mu kuwa waya tana kama waifai, alamar ta cika, amma ko saƙon WhatsApp ba ya fita. Babban ɗana ya soka tsinke a wani ɗan rami da ke bayan rautar wai zai gyara, sai ma sunan waifan da muka sani ya ɓace ɗungurungum. Yanzu amarya ta tsaya kai da fata wai ni na canja lambar sirri don in hana ta, tunda na'urar a falona take, har maganar ta kai kunnen maigida. Shi kuma ya ce ba zai sayi wata ba tunda yarana suka ɓata. Ga shi ta waya nake sayar da turaren wuta da humra, kullum sai na sayi data daban. Malam, rautar ta mutu ke nan? Kuma yaya zan wanke kaina?

Wata uwargida daga Pantami

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a.

Da zancen amarya zan fara, don shi ne ya fi sauƙin warwarewa, shi ne kuma bai kamata ya ƙara kwana ba. Ke ba ki canja lambar sirri ba, amma lambar ta canja da gaske, saboda haka ita ma ba ƙarya ta shara ba da ta ce wayarta ta daina shiga. Ɗan ramin nan da yaronki ya soka wa tsinke, in kin duba za ki ga an rubuta Reset a gefensa. Idan aka danne shi kamar daƙiƙa 10, rauta takan manta duk abin da aka taɓa saita mata, suna da lambar sirri da komai, ta koma yadda aka ciro ta daga kwali. Ki kife ta ki duba ƙarƙashinta, akwai takarda a manne, an rubuta sunan waifai na asali, yawanci sunan kamfanin da ya ƙera ta da wasu lambobi a gaba, ga kuma lambar sirrinsa. Wannan baƙon sunan yana nan yana fitowa a wayoyinku, kun ɗauka na maƙwabta ne.

Kada ki aiki yaro da wannan bayani, kada kuma ki bi ta hannun maigida. Ki kira amaryar da kanki, ki miƙa mata na'urar ta karanta takardar da idonta, ta shigar da lambar a wayarta da hannunta. Wayar za ta shiga, intanet kuma ba zai zo ba, daidai da yadda taki take yi. Gani ya kori ji. Shi ma yaron a sassauta masa: ya yi garaje, amma bai lalata komai ba, kuma matsalar ta riga tsinkensa zuwa. Wannan ki faɗa wa maigida cikin ladabi, ranar da kika ga fuskarsa a sake.

Sai ita rautar. Ban ga alamar ta mutu ba. Cikar da alamar waifai take yi a waya ba intanet take aunawa ba, ƙarfin haɗin wayarki da rautar falonki kawai take nunawa. Akwatin maigida, wanda ake ce wa modem, shi ne mai kamo intanet daga turken kamfani. Rautarki ba ta kamo komai da kanta, abin da modem ya turo mata ta kebul shi take rabawa. Ki ɗauka modem shi ne bututun da ya kawo ruwan Dadin Kowa har ƙofar gida, rauta kuma famfunan da aka rarraba a ciki: famfo na nan, yana murɗuwa, amma in ɗan bututun da ya haɗa su ya toshe, ko ɗigo ba za ki gani ba.

Wasiƙarki ta riga ta rage mana rabin aiki. Tunda maigida yana samu a falonsa, to sim lafiyarsa ƙalau, data ba ta ƙare ba, sabis ɗin unguwa ma bai ɗauke ba, babu dalilin kiran kamfani. Tunda wayoyinku suna kama rautar, tana da rai. Abin da ya rage shi ne tsakaninsu: kebul ɗin, da ramukan da aka soka shi a can da nan, da saitin da ke sa su fahimci juna. Nan gizo ke saƙar.

Ki fara da ido kafin a taɓa saiti. A bayan yawancin rautocin gida akwai ramukan kebul huɗu ko biyar a jere. Ɗaya launinsa daban ne, sau da yawa shuɗi, an rubuta WAN ko Internet a ƙarƙashinsa. Sauran an rubuta LAN ko an sa musu lamba 1, 2, 3, 4. Kebul ɗin da ya taso daga falon maigida a wannan na dabam ɗin ya kamata ya shiga. In aka soka shi a ɗaya daga cikin sauran ba tare da an gyara saiti ba, abin da kike gani yana iya faruwa: waya ta shiga, intanet babu. Ranar da aka yi tsawa, ana ta cire wannan ana mayar da wancan cikin duhu, ba abin mamaki ba ne a musanya rami. Can wajen maigida kuma akasin haka ne, kebul a ramin LAN zai shiga. Wasu akwatunan suna da wani ƙaramin rami mai rubutun TEL, wannan na wayar tebur ne, ba ruwanku da shi. A tura kan kebul sai an ji ya ce ƙas, don in ɗan harshen robar nan ya karye, kan yakan zauna a ramin ba tare da ya taɓa komai ba.

Daga nan a kashe su duka biyun daga soket, a jira kamar minti ɗaya. A kunna na maigida shi kaɗai, a bar shi minti biyu ko uku sai fitilunsa na sabis sun tsaya, sannan a kunna taki. Dalili kuwa, rauta tana tashi sai ta nemi adireshi, wato lambar da za a riƙa gane ta da ita, a wajen modem, in ta tarar bai gama farkawa ba, wasu tsofaffin rautoci sukan yi nawa kafin su sake tambaya. A garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita, ko a juya daga janareta zuwa sola, su biyun tare suke tashi, kuma rauta ta fi saurin tashi. Wannan kashewa da kunnawa ba ta goge komai, ba irin ta tsinke ba ce, ana iya yin ta kullum.

In bai yi ba, ga gwajin da na fi so, don ba ya cin ko sisi kuma ba ya ƙarya. A ciro rautar da cajarta a kai ta falon maigida, a haɗa ta da modem da gajeren kebul. Akwatunan nan galibi da irinsa suke zuwa, a duba kwalin sabon da ya sayo. Na ce da cajarta da gangan. Ƙananan rautoci da yawa wuta mai ƙarfin 9V suke sha, akwatunan sim kuma yawanci 12V, ga bakin cajar iri ɗaya a ido, ana iya soka wannan a wancan. Lambar tana rubuce a jikin caja da ƙarƙashin na'ura, a tabbata sun yi daidai. Bayan an jona, sai a zuba wa fitilar Internet ta gaban rautar ido, wadda wani lokaci hoton duniya ne a kanta. Launi ya danganta da kamfani, amma a yawancin na TP-Link, misali, kore yana nufin intanet ya iso, ruwan goro yana nufin ta ga kebul amma ba abin da ke zuwa, in kuma a mace take to ba ta ma san an soka mata komai ba.

Idan a can ta yi kore, saƙo ya fita, to dogon kebul ɗin ne mai laifi. Ƙananan wayoyi 8 ne a cikinsa, kuma katsewar ɗaya daga cikin masu aiki ta isa ta tsayar da komai. Irin farin ko tokan nan da ake ja a bango an yi shi ne don cikin ɗaki. In ya sha ranar Gombe shekara ɗaya ko biyu, robarsa takan bushe ta tsattsage, ruwan farko na damina ya shige. Ɓera ma ba ya raga masa a cikin silin. Kafin a sayi sabo, mai gyara ya yanke kawunan biyu ya matsa sababbi, sau da yawa iyakar ciwon ke nan. In sai an sake, a sayi baƙi mai kauri na waje, na tagulla zalla ba mai arahar nan da aka shafa wa tagulla a kan alminiyam ba, a zura shi cikin bututun roba, kuma kada tsawonsa ya wuce mita 100, don nan ne iyakar da aka ƙayyade wa irin wannan kebul.

Idan kuwa da gajeren kebul ɗin ma fitilar ruwan goro ta tsaya, to nan na fi zargi tun da na karanta inda kika ce sabon akwatin ba irin na da ba ne. Akwatin maigida ba modem ne kaɗai ba, shi ma rauta ne a karan kansa, shi ya sa yake ba da waifai a falo. Kowace rauta tana da adireshinta na cikin gida, lambobi huɗu da ɗigo a tsakani. Akwatunan sim na Huawei da yawa 192.168.8.1 suke amfani da shi. Na ZTE da yawa 192.168.0.1. Rautocin TP-Link da Tenda kuma mafi yawansu daga kwali 192.168.0.1 suke zuwa da shi. Kin ga ke nan mai yiwuwa tsohon akwatin da rautarki adireshinsu ya bambanta, shi ya sa suka zauna lafiya, sabon kuma ya zo da adireshi ɗaya da nata. In haka ta faru, saƙon da ya fito daga wayarki yakan iso rauta ta rasa inda za ta tura shi, waje ko cikin gida, tunda lambobin ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Sababbin rautoci sukan lura su kauce da kansu. Tsofaffi ba sa yi, sai an kauce da su. A duba takardun ƙarƙashin na'urorin biyu. In lambobi ukun farko sun zo ɗaya, an kama ɓarawo.

Gyaransa aikin minti goma ne, kuma yaron nan naki da ya nuna ƙwazo shi ya kamata a ba wa, ya fanshi kansa. Ya fara cire kebul daga bayan rautar don kada ya yi kuskuren shiga akwatin babansa. Ya kashe datar wayarsa, in ba haka ba wayar tana ganin waifai babu intanet za ta sulale ta koma kan data, shafin ya ƙi buɗewa, ya yi ta mamaki. Ya shiga waifan rautar, ya buɗe Chrome, ya rubuta adireshin a can sama inda ake rubuta sunan shafi. Za ta tambayi suna da fasuwod na mai kula. Tsofaffi admin ne duka biyun, sababbi kuma cewa za su yi ya ƙirƙiro nasa. Ya nemi inda aka rubuta Network, ya shiga LAN, ya canja lamba ta uku kawai: in 192.168.0.1 ne ya mayar da shi 192.168.5.1, ya adana. Za ta mutu ta tashi da kanta. Ya sake shiga da sabon adireshin, ya je wajen WAN ko Internet, ya tabbata an zaɓi Dynamic IP, wasu DHCP suke rubutawa, ma'anarsu ɗaya: rauta ta karɓi duk adireshin da modem ya ba ta. Sai ya mayar da kebul. A shafin farko, wajen Status, akwai layin adireshin WAN. In ya ga 0.0.0.0 har yanzu ba su gaisa ba. In ya ga lamba mai kama da ta akwatin maigida, an gama.

Wannan saitin na masu akwatin sim ne. Duk mai karatun da intanet ɗinsa ta wayar faiba yake zuwa, ko ta faranti a kan rufi daga wani ƙaramin kamfani, ya yi hattara da tsinke fiye da kowa. Da yawansu da tsarin PPPoE suke aiki, wato suna da fasuwod na musamman da kamfani ya sa a cikin rautar ranar da aka jona, kuma Reset yana share su. In ba a rubuta su a takarda ba, sai an jira ma'aikaci. Haka in akwatin faiba ya kunna jar fitila a kan LOS, hasken da ke cikin wayar ne bai iso ba, ba abin da saiti zai yi, a kira kamfani, kuma kada a leƙa bakin wayar da ido.

Saura hali na uku, wanda fitilar ba ta kama ba sam ko da gajeren kebul mai kyau. Tsawar da ta kashe modem takan bi ta kebul ta ƙona ramin da ke ɗaya ƙarshen, ta bar sauran na'urar tana aiki kamar ba abin da ya faru. Kafin a yanke hukunci a gwada ramin sabon akwatin shi ma: a jona kwamfutar cinya da shi kai tsaye, a kashe mata waifai, in ta buɗe shafi to shi lafiya lau, ramin WAN na rautarki ne ya tafi. A nan ne mafi yawan mutane suke jefar da rauta, alhali tana da sauran ramuka uku ko huɗu masu rai. Yaron ya shiga saitinta kamar yadda na faɗa, ya ba ta adireshi a cikin dangin na modem amma da lambar ƙarshe daban, misali in modem 192.168.0.1 ne ita ta zama 192.168.0.250. Sannan ya nemi DHCP Server ya kashe shi, ya soka kebul a ɗaya daga ramukan LAN. Daga nan ta daina raba adireshi, akwatin maigida ne kaɗai zai riƙa rabawa, ita aikinta miƙa waifai zuwa cikin gida. Ya bi wannan jerin yadda na kawo shi, adireshi tukuna sannan kashe DHCP, don in ya juya zai iya kulle kansa a waje sai ya sake komawa ga tsinke. Ni a ganina ko ramin bai ƙone ba wannan tsarin ya fi dacewa da gida irin naku, don rigimar adireshi ba za ta ƙara tasowa da sauƙi ba. Rautoci da yawa ma sun tanadi zaɓin a shirye, da sunan Access Point, danna ɗaya ne.

Duk ta inda aka bi aka samu intanet, ga dabarar da za ta hutar da ke bin kowa da lamba. A wajen Wireless, a mayar wa waifai tsohon sunansa da tsohuwar lambar sirrinsa, harafi da harafi, babba a babba ƙarami a ƙarami. Wayoyin gidan duk suna riƙe da su, da kansu za su koma, har da ta amarya, ba tare da an taɓa su ba. A tabbata tsaron yana kan WPA2, don wasu rautocin bayan Reset a buɗe suke tashi babu kulle, kuma samarin layi ba sa barin irin wannan garaɓasa ta kwana. Fasuwod ɗin mai kula kuma, wanda da shi ake shiga saiti, a canja shi daga admin, a rubuta a takarda a ba maigida ya ajiye. In yana hannunsa shi kaɗai, gobe babu wadda za a ce ta canja wani abu.

Zan ƙara da abin da ba ki tambaya ba. Kayan da gida duka ke amfani da shi, zamansa a falon mace ɗaya jan magana ne, ko da kuwa zaman lafiya ake yi. In akwai baranda ko lungu tsakanin sassanku inda ruwa ba ya feshi, ke ki kawo shawarar a mayar da rautar can, a kafa ta sama a bango. Shawarar in daga bakinki ta fito ta fi nauyi. Kuma ko don sabis hakan ya fi, domin kowane bangon bulo yana rage ƙarfin waifai, kuma ba mamaki ɗakin amarya dama can da rauni yake samu tana haɗiyewa. In rautar mai tashoshin waifai biyu ce, mai lamba 2.4 ta fi mai lamba 5 ratsa bango, ita na nesa za su kama. Kada a sa ta cikin durowa ko bayan talabijin, kada kuma a lulluɓe ta da ƙyalle don ƙurar hunturu, a riƙa karkaɗe ta kawai. Zafin Maris da Afrilu a Gombe yana kai digiri 40, na'urar da ba ta shan iska takan yi ta mutuwa tana tashi da rana tsaka.

Damina kuma ba ta ƙare ba. In hadari ya haɗu aka fara walƙiya, a cire caja daga soket, a kuma zare kebul ɗin daga bayan na'urorin biyu. Soket mai kariya da ake sayarwa ɓangaren wuta kawai yake tsarewa, ba ruwansa da abin da ya biyo ta kebul, kuma dogon kebul da aka ja ta saman katanga ko kan kwano hanya ce a buɗe. In za a sake jansa, a bi da shi ta ƙasa cikin bututu.

In duk an bi wannan bai yi ba, sai a kira mai gyara, amma a kira shi gida, kada a ɗauki rautar a kai shago, don a shago za ta iya yin aiki garau a kan nasu kebul da nasu modem a ce muku lafiyarta ƙalau. A gaya masa abin da aka riga aka gwada da launin da fitilar ta nuna, ya zo da na'urar gwada kebul da abin matse kai. In ya ce sai an sayi sabuwar rauta, ya kawo ta a jona a kan wannan dogon kebul ɗin, a inda za ta zauna, a gaban maigida, a tura saƙo daga ɗakinki da na amarya a ga ya fita, sannan a biya.